Tafin Hannuna a Bangon Wasu

Kafin in ba ku labarin abin da ya same ni ranar Alhamis, bari in fara gaya muku sana'ata, don har yau Mama cewa take yi wasan yara nake fita yi da safe in dawo da yamma.

Ni mai yi wa gem fata ce. E, fata. Duk gem ɗin da kuke bugawa a waya, akwai wanda ya gina siffar abubuwan da ke ciki, bango da ƙofa da kujera, amma fari fat suke fitowa daga hannunsa kamar alli. Ni ce mai shafa musu launi da tsatsa da datti, har mutum ya ga bango ya ji kamar ya kai hannu ya taɓa. Mu biyar ne a ofishinmu, ɗaki biyu a saman wani shagon tayoyi, da fanka ɗaya mai kuka kamar ana zare mata rai. Wata goma sha huɗu muna kan gem ɗaya, saura sati shida mu sake shi.

Ba a shafi ɗaya nake zane ba. Leya-leya nake yi, wato shimfiɗa a kan shimfiɗa: duwatsu a ƙasa, siminti a kansu, sai tsagewa, sai tsatsa, datti can sama. Kuma ba na goge komai. Kowace leya tana da marufinta. In na shafa baƙi a marufin, wurin ya ɓuya, in na shafa fari ya dawo, in toka-toka ne ya fito dishi-dishi. Manajanmu ne ya koya min wannan hali ba da saninsa ba, don mutum ne da zai ce a cire tsatsa da safe, da azahar ya zo yana tambayar ina tsatsarsa ta tafi. Dogo, abokin aikina mai gina siffofin, kullum tsiya yake min, wai ni ko shara ba na zubarwa, rufewa nake yi.

To, ga ni ga aikina. Saura Injiniya.

Injiniya shi ne mutumin da gidanmu suka gama aurar da ni gare shi a zuciyarsu, amsata kawai ake jira kamar sa hannu a takarda. Wata huɗu ke nan yana zuwa. Ya ce sana'arsa haɗa wa ofisoshi intanet. Dogo ne shi ma, amma irin dogon da ya san yana da tsawo, rigarsa ba ta taɓa yamutsewa, agogonsa kullum a waje da hannun riga, turarensa kan riga shi sallama. Mama in ta ji tsayuwar motarsa har kujerun falo take sake gyarawa. Yayata kuwa, wadda ke gidan mijinta da cikin wata bakwai, ba ta da aiki sai turo min saƙo:

"Auta, shekara ashirin da bakwai fa. Me kike jira, wanda zai sauko daga sama?"

Ba na ƙinsa, ku fahimce ni. Abin da ya hana zuciyata kwanciya shi ne yadda yake son aikina fiye da kima. Sauran samarin da na yi, da na fara maganar leya sai su fara duba waya. Shi kuwa gyara zama yake yi. Wata rana ya tambaye ni ko a haɗe nake ajiye zanena ko a buɗe. Na dube shi na ce, mai jan wayar intanet ina ya san wannan? Ya yi dariya ya ce ai mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa, saboda ni ya je ya karanta. Na yi murmushi, amma na ajiye maganar a gefe ban zubar ba.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma, ina cikin rage wa wata ƙofar ƙarfe tsatsa, Manaja ya leƙo.

"Zo. Dogo, kai ma zo."

Bai ce mu zauna ba. Ya juyo mana da kwamfutarsa. Tallar wani gem ce ta wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba, jiya suka sake ta. Daƙiƙa arba'in. A daƙiƙa ta goma sha biyu jaruminsu ya zo wucewa ta jikin wani bangon kurkuku, sai Manaja ya tsayar.

"Bangon waye wannan?"

Uwa ba ta ɓatan ɗanta a kasuwa. Kwana tara na yi a kan bangon nan, na san kowane dutse, har wanda ke da ɓalli a kusurwar hagu.

"Nawa ne," na ce.

"Na sani ai. Abin da ban sani ba shi ne yadda ya yi ƙafa ya tafi."

Dogo ya yi saurin cewa hoton bangon yana cikin ma'ajiyar ofis, mu biyar duk muna shiga, ko wanda ya zo gyaran intanet zai iya kwafa. Manaja ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ni kuwa idona na kan wani abu can gefen dama, daidai kafaɗar jarumin. Shuɗi-shuɗi. Na roƙi Manaja ya ƙara girman wurin, kuma da na san abin da zan gani da na yi shiru da bakina.

Tafin hannu ne, na shuɗin fenti, da ƙaramin yatsa a karkace.

Hannuna ne. Ba wai zanena ba, hannuna na jikina. Wata uku da suka wuce na tsoma shi a fenti na manna a kwali, na ɗauki hoto na ɗora a bangon, don a ga kamar wani fursuna ya taɓa dafa wurin. Yatsan kuwa tun ina ƙarama ƙofar mota ta datse shi ya warke a haka. Da muka ba mutane gem ɗin su gwada, sai kowa ya tsaya yana dannan hannun, a zatonsu ƙofar sirri ce. Manaja ya ce a cire. Ni kuwa kun san halina, ban cire ba. Baƙi na shafa a marufinsa ya ɓuya, sannan na fitar da hoton da aka haɗe na sa a ma'ajiyar ofis.

Kun gane inda matsalar take? Hoton da ke ma'ajiyar ofis ba shi da hannu, kuma ba yadda za a yi a tono hannu daga cikinsa, don a haɗe yake kamar bangon da aka gama shafe. Wanda ya fito da hannun nan, buɗaɗɗen fayil ɗin yake da shi, mai leyoyi da marufai, ya ɗaga marufin ya ga abin ya yi masa kyau ya bar shi. Buɗaɗɗen fayil kuwa nauyi gare shi, intanet ɗin ofis ba ya ɗauka. Wuri ɗaya yake a duk duniya, cikin laftof ɗina.

Dogo ya gane kafin Manaja. Na ga ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Manaja ya ɗago daga kallon allon, a hankali ya ce:

"Ba na ce a cire wannan ba?"

"Na rufe shi ne."

"Kin rufe." Ya cire tabarau ya murza ido. "Wato ba daga ma'ajiya aka ɗauka ba."

"A'a."

"Wa ke taɓa laftof ɗinki?"

"Ba kowa."

"To ke ce ke nan."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Shekara uku ina hawa matakalar nan, ni ce ta farko da ya ɗauka aiki tun muna mu biyu da tebur ɗaya. Ya ce ba ya so ya zalunce ni, ya ba ni zuwa Litinin da safe in kawo masa sunan wanda ya kwafa. In babu suna, in ajiye makullin ofis, kuma dole ya faɗa wa sauran kamfanoni dalili in sun tambaya. Sana'armu ƙarama ce, kowa ya san kowa. Wadda aka ce ta sayar da aikin gidansu ba mai sake ba ta ko zanen tsintsiya.

A kan matakala Dogo ya tsayar da ni.

"Ni na san ba ke ba ce. Amma ki yi tunani, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaushe kika rabu da laftof ɗin?"

"Ko banɗaki da shi nake zuwa."

"Ki dai tuna."

A cikin mota na tuna. Asabar uku da suka wuce na raka Yaya awo asibiti tun safe, ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Na bar laftof ɗin a kan gadona cikin jakarsa. Da na dawo na tarar da wayar cajin a naɗe tsaf, an ɗaure ta da kanta. Ni ba na naɗe waya, cusa ta nake yi. A lokacin na ɗauka Mama ce ta yi min gyaran ɗaki.

Na samu Mama a falo tana ninke kayan wanki, rediyo na yi ƙasa-ƙasa.

"Mama, ranar da na raka Yaya asibiti, wani ya zo gidan nan?"

"Yaushe kuma?" Ba ta ɗago ba. "Gidan mutane ai ba ya rasa baƙi."

"Injiniya ya zo?"

"Ke ni kada ki tsare ni da tambaya kamar 'yar sanda. Riƙe min bakin zanin gadon nan." Muka ja, muka ninke. "Af, ya ma kira ɗazu. Gobe da yamma zai shigo, yana so a tsayar da ranar da manyansa za su zo. Ki nemo wannan doguwar rigar ruwan zuma ki goge, ba wannan wandon naki mai kama da na makaniki ba."

Na ce mata to. Amma na lura zanin gadon da muka gama ninkewa ta sake warware shi tana ninkewa ita kaɗai.

Na shiga ɗaki na rubuta wa Yaya: "Ranar awonki, wa ya ce ki kira ni in raka ki? Ba mijinki ke kai ki ba?"

Ta karanta. Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga amsa: "Wace irin tambaya ce wannan? Laifi ne ƙanwa ta raka yayarta?"

Ruwa dai ba ya tsami banza. Sai dai zargi ba hujja ba ne, kuma ba zan je wa Manaja da naɗin wayar caji ba.

Ranar Juma'a na goge rigar ruwan zuman kamar yadda aka umarce ni, na yafa ƙaramin mayafi mai duwatsu a baki, har kwalli na sa. Mama ta dube ni ta ce yau ne na yi kama da 'yar mutane. Ba ta san shirin yaƙi na yi ba. Na tura hoton bangon cikin wayata, wanda aka haɗe, marar hannu, wanda shi ne kaɗai ya kamata duk wani mahaluƙi a wajen ofishinmu ya iya gani.

Ƙarfe biyar daidai turare ya yi sallama. Farar riga, baƙin takalmi mai ƙyalli, da leda cike da tuffa wai na Mama. Ya zauna a kujerar da ya saba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Gimbiya, yau kamar an taɓa min ke. Aiki ne?"

"Aiki ne," na ce, na langaɓar da kai. Ku yafe min, ni ma na iya. "Manaja ya ce bangon da na yi ba shi da rai. Kai da kake da ido, duba min."

Na miƙa masa wayar. Ban taɓa nuna masa bangon nan ba, ko sau ɗaya, don dokar ofis ce. Ya karɓa, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ja shi kai tsaye zuwa gefen dama. Ba hagu ba, ba tsakiya ba.

"Manajanku bai san abu mai kyau ba," ya ce. "Amma gaskiya ya fi rai da hannun nan. Shi ne ke sa mutum ya tsaya. Ki mayar da shi."

Ina jin ƙarar cokali a kofi daga kicin.

"Wane hannu?"

Ya ɗago. Na ga lokacin da abin ya iso masa, don ƙafar da ke sama ta sauko ƙasa.

"Ai... ke kika taɓa ba ni labari."

"Ban taɓa ba."

"To ko a tallar na gani."

"Wace talla? Ni na ce maka an yi talla?"

Ya ajiye wayar a kan tebur a hankali, ya gyara agogonsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bai rikice ba. Murmushi ma ya yi, irin na wanda aka kama da kyautar da yake ɓoyewa.

"Shi ke nan, kin kama ni. Dama so nake in ba ki mamaki. Kamfanin da ya yi tallar ni da abokina muka kafa shi, ni ne dai ba na son a san da hannuna. Na kai masa aikinki ne ya gani, don in mun yi aure ki riƙa yi mana daga gida, ba hawa matakala, ba zama cikin maza har yamma. Da ya buɗe fayil ɗin ya ga yadda kika jera komai, ya ce bai taɓa ganin aiki mai sauƙin juyawa irin naki ba. Cikin awa ɗaya suka canja launin duwatsun ya dace da nasu. Yabo ne fa, Gimbiya."

"Yabo." Na dube shi ido cikin ido. "Ka san ranar Litinin za a kore ni? Ka san sunan ɓarauniya za a liƙa min?"

"To in sun kore ki sai me? Ga wuri yana jiranki."

A nan na gane. Bai ce subhanallahi ba, bai ce bai sani ba. Ko girarsa ba ta motsa ba. Mutumin da ya san yadda ake ɗaga marufi ya san sarai cewa hannun nan ni kaɗai zai nuna. Ba mantuwa aka yi aka bar shi a tallar ba. So ake a rufe min kowace ƙofa, ta gidansa kaɗai ta rage a buɗe.

Na miƙe tsaye.

"Ka shiga ɗakina, ka buɗe jakata, ka kwashe aikin wata goma sha huɗu na mutane biyar. Sunanka zan kai wa Manaja, in ya ga dama ya kai ka kotu."

"Ban shiga ɗakinki ba." Ya faɗa a natse. "Ni ban taɓa wuce falon nan ba. Kuma laftof ɗinki da lambar sirri, ina zan same ta? Ki yi tunani kafin ki kai suna, don in aka tambaye ni, gaskiya zan faɗa daga farko har ƙarshe."

"To wa ya ba ka?"

"Ni na ba shi."

Mama ce a bakin ƙofar kicin, da tire a hannu, kofi biyu na shayi da faranti na biskit. Ta tako ta ajiye tiren a tebur ba tare da ko ɗigo ya zuba ba.

"Ni na ɗauko, ni na buɗe masa. Lambar ranar haihuwarki ce, ni kuwa na haife ki, ranar ce za ta ɓace min? Ni na ce wa yayarki ta ja ki asibiti." Ta goge hannu da gefen zaninta. "Yaro ya ce zai sama miki aiki a ɗakinki, cikin rufin asiri. Shekara uku ina kallonki kina dawowa ido ja wur, kina cin abinci a tsaye. In wannan laifi ne, to na yi."

"Mama, ba nawa ba ne. Amana ce aka ba ni."

"Zane ne fa, Auta. Hoton bango. Ba ga shi nan a na'urarki ba har yanzu? Me ya ragu?"

Da gaske take, ba ta ga abin da ya ragu ba. Ta yi ne don tana sona, shi ya sa ya fi ciwo. Na dubi Injiniya, ya ɗauki kofinsa yana hura shayin, hankali kwance. Ya riga ya lissafa wannan ma. Ya san ba zan iya kiran sunansa ba sai na kira nata, kuma duk inda maganar ta je, a ofis ko a gaban alƙali, tambayar farko ita ce wa ya buɗe.

"Zauna ki sha shayi," in ji Mama. "A tsayar da rana a wuce wurin."

Wayata ta yi ƙara a kan tebur, tsakanin tiren da ledar tuffa. Dukkanmu uku muka kalle ta, don allon a sama yake. Manaja ne.

"Na fasa jiran Litinin, lauyanmu yana so ya haɗa takardar ƙara gobe da safe. In kin san wanda ya buɗe laftof ɗin, turo min sunan yanzu. In ba ki turo ba, naki zai rubuta."

Mama ta sa hannu ta juyo da wayar gabanta, ta karanta a hankali tana motsa leɓe, kamar yadda take karanta takardar magani. Da ta kai ƙarshe ta ɗago, a karo na farko na ga tsoro a fuskarta. Ta turo min wayar da yatsa ɗaya har ta taɓa hannuna.

"Lauya kuma?" ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Auta, sunan wa za ki rubuta?"